Yadda za ka mayar da tsohuwar tab fuska ta biyu ga kwamfutarka

Ƙarshen zangon karatu ne lokacin da ƙanƙantar fuskar laftof ɗina ta fi ba ni haushi. Inci 14 ce. Ga hoton takardar maki da malamin darasi ya turo mini ta WhatsApp, ga kuma Excel da nake zuba makin a ciki. In na raba fuskar gida biyu, kowane ɓangare ya matse sai na ƙanƙance ido. In na bar kowanne a cike, sai in yini ina danna Alt da Tab, in leƙa can in ɗauko lamba biyu a ka, in dawo nan in zuba. Wata rana na tsallake layi guda ban ankara ba, makin yara goma sha ɗaya ya zame ƙasa, kowa ya ɗauki na maƙwabcinsa. Ban gane ba sai da wata yarinya ta tsaya a ƙofar ofis idonta ya ciko, ta ce, "Malam, wallahi ni ban taɓa cin 31 a lissafi ba."

Da farko monita na yi niyyar saye. Da na zauna na yi lissafi sai na ga ba kuɗinta kaɗai ba ne matsala. Monita ba ta da batir. Ana ɗauke wuta za ta yi duhu, kuma mu nan Bauchi mun san ba a sallama kafin a ɗauke. Alhali a cikin durowa akwai tsohuwar tab da yara suka gama kallon katun a kanta suka jefar. Tana da fuska mai kyau, tana da batirinta, ba ta cin wutar kirki. Ita ce yanzu take tsaye a hagun laftof ɗina, takardar maki a kanta, Excel a gabana. Irin waɗannan tab ɗin sun yi yawa a gidajenmu, har da waɗanda aka raba wa 'yan N-Power shekarun baya, da dama suna nan kwance ba a yin komai da su.

Ramin cajin tab ba ƙofar shigar hoto ba ne

Wannan ne abu na farko da ya kamata ka riƙe, don kada ka yi asarar kuɗin igiya. Ramin da ake cajin tab da shi ba ya karɓar hoto daga waje yadda talabijin ke karɓa. In ka je shagon kayan waya wajen Wunti ka sayo igiya mai HDMI a kai ɗaya da USB-C a ɗaya kan, ka soka laftof da tab, ba abin da zai fito. Irin wannan igiyar an yi ta ne don fitar da hoto zuwa talabijin. Tab ɗin da aka ƙera da ramin shigar hoto 'yan kaɗan ne, irin Lenovo Yoga Tab 13, kuma da wuya ita ce a durowarka.

Dabarar a manhaja take. Ana ɗora wata a kwamfuta, ita kuma ta ruɗi Windows ta sa ya ɗauka an jona masa sabuwar monita. Duk abin da Windows ya zana a wannan monitar ta ƙarya, manhajar za ta matse shi ta aika wa tab, ko ta waifai ko ta igiyar USB, sai 'yar'uwarta da ke kan tab ɗin ta buɗe ta nuna. Ashe ke nan manhaja biyu ake buƙata, ɗaya nan ɗaya can. Kuma tunda sai an matse hoto an aika an buɗe, dole a samu ɗan jinkiri tsakanin motsin hannunka da abin da ido zai gani. Yawancin abin da zan faɗa nan gaba a kan rage wannan jinkirin ne.

Wadda nake amfani da ita sunanta spacedesk, ta wani kamfanin Jamus mai suna datronicsoft. Na zaɓe ta ne don tana aiki da Windows da kusan kowace tab ta Android da kuma iPad, kuma kyauta ce ga mai amfanin kansa. Mai shagon buga takardu a Gwallameji ko Yelwa da zai yi sana'a da ita, sharaɗin masu ita shi ne ya sayi lasisi, gara in faɗa tun yanzu. Masu Samsung na jerin S da masu kayan Apple suna da gajeriyar hanya, za mu zo kanta.

Kafin ka taɓa komai

Duba wane Windows ne a kwamfutarka. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver, ka danna Enter. In 10 ne ko 11, ka tsira. Sannan ka shiga Settings, System, About, ka ga ko 64-bit aka rubuta, don ka san wanda za ka sauke. Yawancin HP EliteBook da Dell Latitude na hannu da ake sayarwa a gari 64-bit ne. Ka kuma tabbata kai ne mai ikon ɗora manhaja a kwamfutar. In ta ofis ce an kulle ta da kalmar sirrin mai kula da na'urori, wannan hanyar ba za ta yiwu ba, amma akwai wata a ƙasa.

Ita kuma tab, ka caje ta, ka goge tarkacen wasannin yara da suka cika ta, ka ga Play Store yana buɗewa. Tsohuwar tab da ta daɗe a kwance takan ɓatar da kwanan wata, kuma in kwanan wata bai daidaita ba Play Store ƙin buɗewa yake yi. Gyara wannan tukuna.

Ɗora manhajar a ɓangarorin biyu

A kwamfuta, buɗe burauza ka rubuta spacedesk.net da hannunka. Kada ka bi ta shafukan da ke tara manhajoji suna lulluɓe su da talla, don abin da za ka ɗora direba ne, wato manhaja mai shiga can cikin Windows. A sashen saukewa ka zaɓi direban Windows 10 da 11. In ya sauka ka danna shi sau biyu, ka riƙa bin Next. Akwai shafi guda da ba a wucewa da gaggawa: inda ake tambayar ko a buɗe wa manhajar ƙofa a katangar tsaron Windows, wato Firewall. Ka bar alamar amincewa a wurin. Wanda ya cire ta zai gama komai daidai, tab kuma ta yi ta nema ba ta ga kwamfutar ba. Da ka gama, sake kunna kwamfutar. Za ka ga ƙaramar alamar spacedesk can ƙasa kusa da agogo. In ka danna ta, tagar da ake kira Driver Console za ta buɗe, ka tabbata maɓallin cikinta yana kan ON.

A tab, shiga Play Store, ko App Store in iPad ce, ka nemi spacedesk, ka duba sunan datronicsoft a ƙasan sunan manhajar kafin ka sauke. Sauke manhajojin nan biyu ne kaɗai zai ci maka data a dukkan aikin.

Haɗawa ta waifai, da maganar data

Sharaɗin guda ne: kwamfuta da tab su hau waifai ɗaya. Ko MiFi ɗinka, ko rauta ta gida, ko hotsifot na wayarka. In sun hau, buɗe spacedesk a tab ka ɗan jira. Sunan kwamfutarka zai fito da wasu lambobi a ƙasansa, galibi masu farawa da 192.168. Taɓa shi. Fuskar laftof za ta ɗan yi ƙifta, sai ka ga bangon Windows ya bayyana a tab.

Ranar da na fara haɗawa ƙanena yana zaune yana kallo. Ya ce, "Yaya, wannan ai bidiyo kake turawa ba tsayawa, kafin la'asar datarka ta ƙare." Na san mutane da yawa za su yi wannan tunanin, shi ya sa zan tsaya a kansa. Hoton da ke tashi daga laftof zuwa tab ba ya fita intanet. Daga laftof yake zuwa MiFi, daga MiFi ya juyo zuwa tab, duk a cikin ɗaki. Kamfanin layi bai san an yi ba, balle ya cire maka ko megabait ɗaya. Kamar ka miƙa wa mutum takarda ta hannun yaron gida ne, ba ka je gidan waya ba. In kana shakka, gwada da kanka: kashe data a wayar, ka bar hotsifot a kunne. A yawancin wayoyin Android zai ci gaba da aiki, tab kuma ta ci gaba da nuna hoto. MiFi da datarsa ta ƙare tun watan jiya ma zai yi wannan aikin.

Inda data ke zurarewa daban ne. Da laftof ya ji ya hau waifai mai intanet, Windows zai fara sauke sabuntawarsa a ɓoye, tab ma ta fara sabunta manhajojinta. Maganinsa, ka shiga bayanan wannan waifai ɗin a Settings na Windows, ƙarƙashin Network & Internet, ka kunna Metered connection. Da haka Windows zai san datar a ƙirge take, ya rage haɗama. Tunda kana wurin, ka duba ko an sa waifai ɗin a matsayin Public ko Private. In naka ne na gida, mayar da shi Private, domin a Public Windows yakan ɓoye kwamfutar daga sauran na'urori.

In MiFi ko wayarka na da zaɓin 5GHz, ka koma kansa. Tashar 2.4GHz ta fi nisan zango, amma cunkoso ya yi mata yawa, musamman a gidajen haya na ɗalibai inda kowane ɗaki da hotsifot ɗinsa. Ta 5GHz ba ta ratsa bango sosai, amma kai da komai ke kan teburi ɗaya ina ruwanka da bango.

Gaya wa Windows inda tab take zaune

Sau da yawa abin da ke fara fitowa a tab kwafin fuskar laftof ne, abu ɗaya a wuri biyu. Wannan ba shi muke nema ba. Danna maɓallin Windows tare da P. Zaɓi huɗu za su fito a gefe, ka ɗauki Extend. Yanzu tab ta zama ƙarin fili, ba madubi ba.

Saura ka nuna wa Windows ta wane gefe take. Danna dama a fili a kan fuskar laftof, ka zaɓi Display settings. Za ka ga akwatuna biyu, 1 da 2. Danna Identify, lamba za ta fito a kowace fuska ka san wacce ce wacce. Ja akwatin tab ka ajiye shi a gefen da take a zahiri bisa teburinka, ka danna Apply. In tab na hagunka amma akwatinta na dama, za ka yi ta tura maus hagu yana cin karo da bango, sai ka tura shi dama ya ɓullo ta can. Na yi kwana biyu a haka ina zaton lalacewa ce. Ka kuma daidaita tsayin akwatunan, gindinsu ya zo daidai, don kibiyar maus ta riƙa tsallakawa ba tare da ta maƙale a kusurwa ba.

A wannan shafin dai, danna akwatin tab ka sauko zuwa Scale. Fuskar inci 10 in aka zuba mata rubutun Windows yadda yake, sai ya zama kamar ƙwayar gero. Ɗaga shi zuwa 125 ko 150 cikin ɗari har idonka ya huta. Ka tabbata kuma laftof ce ke riƙe da Make this my main display, don sababbin tagogi su riƙa buɗewa a gabanka.

Kai taga zuwa tab ba wuya: kama saman tagar da maus ka ja ta ta gefen. Hanyar da ta fi sauri ita ce Windows da Shift da kibiyar hagu ko dama, taga za ta yi tsalle zuwa ɗaya fuskar. Wannan haɗin maɓallan ka haddace shi, don shi ne kuma ke ceto taga in ta ɓace.

Wani abu da na daɗe ban sani ba: a Excel da Word, in ka shiga View ka danna New Window, fayil ɗaya zai buɗe a taga biyu. Sai ka kai ɗaya tab. Mai rubuta kundin kammala karatu zai iya ajiye babi na biyu a gefe yana rubuta na huɗu, duk gyaran da ya yi a ɗaya yana shiga ɗayan, don fayil ɗin guda ne. Takardar PDF kuwa ta fi kyau in ka tsayar da tab a tsaye, shafi guda ya cika ta daga sama har ƙasa.

Igiya ta fi iska

Waifai ya fi sauƙin farawa, amma ni yanzu da igiya nake aiki, kuma ita nake ba kowa shawara. Jinkiri ya ragu sosai, hoto ba ya daskarewa don wani ya kunna hotsifot a maƙwabta, ba ka buƙatar na'ura ta uku a tsakani, tab kuma tana ɗan samun caji.

Hanya biyu ce. Ta farko, a cikin Driver Console akwai wurin kunna haɗin igiyar USB na Android. Kunna shi, ka soka igiya daga laftof zuwa tab. Saƙo zai fito a tab yana neman izinin buɗe spacedesk, ka amince. In iPad ce, akwai nata maɓallin a wurin, sai dai kwamfutar na buƙatar iTunes ko manhajar Apple Devices kafin ta gane iPad ɗin, kuma iPad zai tambaye ka ko ka yarda da wannan kwamfutar.

Ta biyu, ga tab ɗin da ta ƙi ta farkon, ita ce USB tethering. Soka igiya, ka shiga saitin tab wajen hotsifot, ka kunna USB tethering. Wannan yana ƙulla 'yar ƙaramar hanyar sadarwa tsakanin su biyun ta cikin igiya, sai spacedesk ta ga kwamfutar kamar a waifai. A nan fa ka kula: ainihin aikin wannan maɓallin shi ne raba datar tab ga kwamfuta. In akwai layi mai data a ciki, kashe datar, in ba haka ba laftof zai sha ta. Wasu tab marasa ramin layi ba su da wannan maɓallin gaba ɗaya.

Abin da ya fi kayar da mutane a nan ba manhaja ba ce, igiyar ce. Igiyoyin caji masu araha da yawa wayoyin wuta kawai ke cikinsu, babu na ɗaukar bayanai. A ido ba ka bambance su. Araha ba ta ado. Gwajin mai sauƙi ne: soka tab a laftof, in kwamfutar ta yi ƙara ta nuna tab ɗin a This PC har kana iya ganin hotunan ciki, igiyar mai kyau ce. In caji kawai ya hau, nemi wata. Ni da laftof ɗina nake zuwa shago in gwada a gaban mai kaya. Na farkon da na yi wa haka ya yi dariya ya ce, "Malam, igiya ma sai an yi mata jarrabawa?" Cikin uku da ya miƙo, ɗaya ce ta ci. Ka ɗauki gajera mai kauri, mita ɗaya ta isa. In kuma igiya mai kyau tana yankewa da an taɓa ta, leƙa ramin tab ɗin. Ƙurar hunturu takan dunƙule a ciki. Kashe tab ka sa tsinken sakace na itace a hankali ka fitar, ban da allura.

Akwai wasu manhajojin igiya, irin Splashtop Wired XDisplay, da ke neman a kunna USB debugging. Ana samunsa ne in ka shiga About tablet ka taɓa Build number sau bakwai, sai sashen Developer options ya bayyana. In ka kunna don aiki, kashe shi in za ka ba da tab ɗin caji a shago.

Masu Samsung da masu Apple

In taka Galaxy Tab S7 ce ko waɗanda suka biyo bayanta a jerin S, ba sai ka ɗora komai ba. Ja saman fuskar tab ƙasa, ka nemi Second screen a cikin maɓallan gaggawa. Za ta ba ka zaɓi biyu, ɗaya mai saurin amsawa don zane, ɗaya mai santsin hoto don bidiyo. Ga aikin rubutu ɗauki mai saurin amsawa. Bar wannan shafin a buɗe, ka koma laftof ka danna Windows da K, sunan tab zai fito, ka danna. Ana buƙatar Windows 10 siga mai lamba 2004 (lamba ce, ba shekara ba) zuwa sama, da laftof mai goyon bayan Miracast, wato fasahar aika hoton fuska ta iska. In kana son tabbatarwa, buɗe Command Prompt, wato baƙar tagar rubuta wa Windows umarni, ka rubuta netsh wlan show drivers, ka duba layin Wireless Display Supported can ƙasa. In ba ka ga Second screen a tab ɗinka ba, taka ba ta da shi, koma spacedesk.

Mai MacBook da iPad kuwa Sidecar gare shi, tsarin mayar da iPad fuska ta biyu wanda Apple ya fito da shi a 2019 tare da macOS Catalina da iPadOS 13. Dole na'urorin biyu su kasance a asusun Apple ɗaya mai tabbaci mataki biyu. Nan ne masu iPad na hannu ke maƙalewa, don sau da yawa asusun wani ne a kai. In ta iska ne, a kunna Wi-Fi da Bluetooth da Handoff, kada tazara ta wuce mita 10, kada kuma iPad ya kasance yana raba datarsa. Sai ka shiga Control Center a Mac, wajen Screen Mirroring, ka zaɓi iPad. Yana kuma aiki ta igiya. Tsofaffin na'urori ba sa ciki. Waɗanda ke ciki su ne: MacBook Pro daga 2016, MacBook Air daga 2018, iPad daga ƙarni na shida, iPad Air daga na uku, iPad mini daga na biyar, da kowane iPad Pro. Mai Mac da tab ta Android sai ya duba Duet Display, amma ita ta kuɗi ce.

In ta ƙi

In tab ba ta ga kwamfutar ba, fara da abin da ya fi sauƙi: shin da gaske waifai ɗaya suke kai? Tab takan koma wani tsohon waifai da ta sani ba ta gaya maka ba. In ɗaya ne, kashe VPN in akwai a ko wanne ɓangare. In har yanzu shiru, buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig, ka kwafi lambar da ke gaban IPv4 Address, ka shigar da ita da hannu a manhajar tab ta alamar ƙari. In wannan ma bai yi ba, to mai yiwuwa manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta, wato antivirus, da ka ɗora ce ta tare hanya, ka shiga cikinta ka ba spacedesk izini. Waifai na makarantu da otal-otal kuma galibi an saita shi ne yadda na'urorin da ke kai ba za su ga juna ba. A irin wurin kada ka wahalar da kanka, fito da igiya.

Kuma ko da ya yarda, ban so ka bar spacedesk a kunne a waifai na jama'a. Duk wanda ke kan wannan waifai ɗin yana da manhajar zai iya ganin sunan kwamfutarka a jerinsa. In za ka fita da laftof, mayar da Driver Console kan OFF.

In hoto yana jan ƙafa, shiga saitin manhajar a tab ka rage ingancin hoto da yawan ɗigoginsa, wato resolution. Ga karatun takarda 1280 da 800 ya wadatar, tsohuwar laftof ma za ta samu sauƙi, don ita ke ɗaukar nauyin matse hoton. In sauti ya ɓace bayan haɗawa, danna alamar lasifika kusa da agogo ka mayar da shi kan lasifikar laftof. In ka cire tab wata taga ta ƙi dawowa, Windows da P, ka zaɓi PC screen only.

Ga mai kwamfutar ofis da aka hana ɗora komai, akwai wata 'yar na'ura kamar filashi da ake kira kafca kad, mai ramin HDMI a baya da USB a gaba, irin wadda masu ɗaukar walima da wa'azi kai tsaye ke amfani da ita. Igiyar HDMI daga kwamfuta zuwa cikinta, ita kuma zuwa tab. Kwamfuta za ta ɗauke ta monita ce ta gaske, tab kuma ta ɗauke ta kyamara ce, sai ka buɗe manhajar kallon kyamarar USB. Tab ta Android sai tana da OTG, wato ramin cajinta na karɓar kayan USB irin su filashi, iPad kuwa sai mai USB-C da iPadOS 17 zuwa sama. Taɓa fuska ba ya aiki ta nan, kallo ne kawai.

Me ya dace a ɗora mata

Tab ba monita ba ce, kuma wanda ya nemi ta zama monita zai ji haushinta. Abin da ake kallo ake kai mata, abin da ake aiki a kansa ya zauna a laftof. Takardar da kake kwafa, hoton rasit, WhatsApp na kwamfuta, fuskokin mutane a taron Zoom, waɗannan duk nata ne. Buga rubutu mai tsawo a kanta, da haɗa bidiyo, da wasa, waɗannan jinkirin zai gajiyar da kai. Mai gabatar da kundinsa zai iya yin atisaye da PowerPoint, allon da jama'a za su gani a tab, bayanansa a laftof. Sai dai ya haɗa ya gwada tun da sauran kwanaki, ba a fafe gora ranar tafiya.

Gaskiya kuma wani lokacin duk wannan ba ya ma da amfani. In karanta PDF kawai za ka yi, tura shi tab ta Xender ka buɗe a can, shi ke nan. Ribar haɗawa tana fitowa ne in kana son kwafo rubutu daga wannan fuska ka manna a waccan, ko kana son maus ɗaya da kibod ɗaya su yi maka duka.

Sai zafi. Apple da kansa ya ce iPad an yi shi ne ya yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, ranar Bauchi kuwa a Maris da Afrilu takan haura haka. Tab da ke caji, fuskarta a kunne awa da awanni, tana cikin rigar roba mai kauri, batirinta zai gasu, kuma tsohon batir in ya gasu kumbura yake yi har ya ɗaga gilashi. Cire mata riga in tana aiki, rage hasken fuska zuwa rabi, kada ka ajiye ta inda iskar laftof mai zafi ke fita ko jikin taga. In tana da saitin tsayar da caji kafin ya cika, kamar yadda Samsung ke da shi, kunna. In ka ga bayanta ya fara tudu, daina amfani da ita ka kai a canza batir.

Kada ka yi mamaki in ka ga tana jone amma cajinta na raguwa. Ramin USB 2.0 na laftof wat biyu da rabi yake bayarwa, na USB 3.0, mai shuɗin ciki, wat huɗu da rabi, tab mai cikakken haske kuwa takan ci fiye da haka. Soka ta a shuɗin, ka fara aiki da ita a cike. Ka tuna kuma in an ɗauke wuta daga batirin laftof take sha. A irin wannan lokacin ni nakan zare igiya in koma hotsifot, kowa ya ci nasa batirin, ko in jona tab da fawa banki.

Abin da ya rage shi ne wurin tsayuwarta. Na fara da jingina ta da tarin littattafai, tana zamewa duk sanda aka bugi teburi. Daga baya na kai wa wani kafinta a unguwarmu, ya yanko guntun katako mai tsawon taƙi ɗaya, ya tsaga masa rami a karkace daidai kaurinta. Na ce ya ƙara huda ƙaramin gurbi a tsakiya inda kan igiya zai zauna in na tsayar da ita a tsaye, don kada nauyinta ya karya bakin cajin. Ya juya katakon a hannu ya ce, "Malam, wannan kuma na mene ne?" Na ce na makin yara ne. Na ɗora shi bisa ƙamus guda don saman tab ya zo daidai da saman laftof, wuya ya daina sunkuyo.